Rijiya Ta Tara

Sau uku Auta ta karanta takardar. Na'urar binciken satar rubutu ta nuna kashi saba'in na kundin digirinta na biyu kwafe ne. Jibi za ta gurfana gaban kwamitin ladabtarwa, in laifin ya tabbata a kore ta.

Wanda aka ce ta yi wa satar kuwa Dakta ne, malami a sashensu, mutumin da saura wata biyu a ɗaura musu aure.

Shekara biyu tana bin rijiyoyin unguwanni da kwalabe tana auna gubar dalma a ruwansu, har tafinta ya yi kanta saboda jan guga. Shi ya ce ta kawo ya duba mata rubutun. Ashe kura ta ba ajiyar nama! Ya buga aikin a mujalla da sunansa, ya liƙa na 'yar shugaban sashe a ƙasa, yarinyar da ko ƙofar ɗakin gwaji ba ta sani ba.

A ofis ta same shi yana kurɓar shayi.

"Zuciyata, zauna mana..."

"Aikina ne ko ba nawa ba ne?"

Ya sassauta murya, wai ƙarin girma ne ya matse shi, kuma ai abinta nasa ne. Wai ta dai ce wa kwamiti mantawa ta yi ba ta ambace shi ba, shekara ɗaya kacal za su dakatar da ita.

A gida Mama ta ce ta rufa wa mijin da za ta aura asiri, takarda ba ta kai aure ba. Auta ta ce to. Har yanzu tana son shi, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta ɗauki maƙalar da ya buga tana bi layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. A shafi na shida ta yi dariyar da babu daɗi a cikinta.

Ranar zaman mutum biyar ne a dogon tebur. Dakta ya sha kwat, 'yar shugaban sashe na gefensa tana taunar cingam. Auta ta roƙi izinin tambaya ɗaya tak. Maƙalar ta ce rijiya ta tara babu ɗigon guba a cikinta, har ta shawarci jama'a su koma ɗiba a can.

"Dakta, a ina take?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce a bayan kasuwa take, shi da kansa ya ja ruwan.

Ta buɗe littafinta na ɗakin gwaji, kowane shafi da sa hannun tsohon ma'aikacin da ke kula da na'urori. Lamba tara ba rijiya ba ce. Tataccen ruwa ne da ake fara aunawa don a tabbatar na'ura lafiya take. Aka kira tsohon, ya gyara tabarau.

"Ranku ya daɗe, rijiyar nan a kan kantata take, cikin jarka."

"Ta bayan kasuwa kuma ita ce ta huɗu," in ji Auta. "Ta fi kowacce guba. Yara na sha."

Cingam ya tsaya cak. Nan take mai shi ta rantse ita sa sunanta kawai aka yi. Kafin la'asar an wanke Auta, an dakatar da Dakta, an rubuta wa mujallar ta janye maƙalar.

A bakin matakala Dakta ya tare ta, kwat a hannu, ido jawur.

"Kin kashe ni, zuciyata... Da kin faɗa min tun a ofis!"

Ta zaci za ta ji sanyi, sai hawaye suka zo. Ba ta share ba. Ta zare zoben baikon da ya ba ta, ta sa masa a aljihun riga.

"Da ka roƙe ni, Dakta, da na sa sunanka gaban nawa. A lokacin ko raina ka nema zan ba ka."

Ta sauka, yana kira, ba ta waiwaya ba.