Zangarniya Bakwai

A can da, a wani birni, akwai unguwar da ke bikin kaka. Kowane gida yakan kawo damin sabon gero, a daka a yi fura. Gidan da bai kawo ba, ba ya zama cikin taro.

Wata yarinya da mahaifiyarta ba su da gona. Sai yarinyar ta shuka gero a tsofaffin tukwane, ta samu zangarniya bakwai, ta ɗaure ta kai dandali.

Mai karɓar dami ya ce, "'Yata, wannan dami ne ko tsintsiya? Koma gida."

Ta ce, "Baba, ni na shuka, ni na yanka, ba zan koma ba."

Mata masu daka suka ce, "Ko kaza ba za ta ƙoshi ba."

Ta ce, "Ni na shuka, ni na yanka, ba zan koma ba."

Mai unguwa ya dubi jama'a ya ce, "Cikinku wa zai iya faɗin haka?"

Ashe duk a kasuwa suka sayo nasu. Yarinya ba ta jira izini ba. Ta ratsa su har gindin turmi, ta ce wa babbar cikin matan, "Inna, miƙo mini taɓarya."