Citta a Kan Tabo

Tun ranar Litinin gidan Mama Rosemary, da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, ya koma kasuwa. Atamfar anko a kan kujeru, buhun shinkafa a bakin ƙofa, ga matan zumunta suna shiga suna fita da tukwanen kiɗansu suna gwajin waƙa. Duk wannan hidima saboda ranar Lahadi 'yarta Hellen za ta tsaya gaban ikilisiya ta yi godiya, ta ba da shaidar Ubangiji ya warkar da ita.

Kuma godiyar ta cancanta. Wata goma sha huɗu ke nan da likitoci a Jos suka cire wa Hellen nononta na hagu saboda ciwon daji, wato kansa. Ta sha allurai har gashinta ya zube, ta rame ta yi baƙi, ta bar koyarwa zango biyu. Duk tsawon lokacin saurayinta Kaleb, malamin lissafi a makarantarsu, bai gusa ba. Shi ke kai ta tasha a kan mashin ɗinsa, shi ke riƙe mata bokiti in amai ya taso.

Matsalar ita ce uwarsa. Edna, wadda kowa ke kira Maman Kaleb, babbar dillaliyar citta ce a kasuwar Kwoi, kuma tun ranar da ta ji sunan ciwon ta ƙi ko haɗa ido da Hellen. Da ɗanta ya ishe ta da magiya, sai ta kafa sharaɗi: sai ta ji da kunnenta yarinyar ta tsaya gaban bagade a coci ta ce ta warke sarai. In an yi haka, da yammacin ranar danginsu za su kawo gaisuwar neman aure.

To, ranar Laraba da safe Hellen tana wanka, ta bi tabon tiyatar da yatsu kamar yadda likita ta koya mata, sai hannunta ya tsaya cak. A ƙarshen tabon, wajen hammata, ga wani ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa, mai tauri. Ta sake taɓawa. Yana nan. Ta daɗe a tsugune har ruwan bokitin ya huce.

Ta sami uwarta a ɗaki tana ninke atamfa.

"Mama, na ji wani abu a wurin tiyatan. Ƙullutu."

Mama Rosemary ta yi wuf ta rufe ƙofa. "Rufe mini baki! Na ƙi shi cikin sunan Yesu! Ba abin da kin ji."

"Mama, hannuna ne fa ya taɓa shi. Dokta ta ce in na ji komai in koma ran nan ran nan."

"Ki koma ina? An buga kati, fasto ya yi sanarwa sau biyu, mutanen Kwoi sun ɗinka kaya! Wanda Allah ya warkar ba ya komawa asibiti yana bincike kamar bai yarda da Allah ba. Ki bari Lahadi ya wuce."

"In Lahadi ya wuce, abin zai wuce ne?"

"Hellen, kina so ki rasa yaron nan? Wa kuma zai zo? Ki faɗa mini, wa?"

Nan uwar ta taɓo inda ke yi wa Hellen ciwo. Tana son Kaleb so mai tsanani, kuma ta san maganar nan in ta fita, Maman Kaleb ta sami abin da take nema. Takaici ya cika ta. Ga rai yana lilo, amma ana lissafin kati da ɗinki!

Kafin azahar Mama Rosemary ta daka ɗanyar citta a turmi, ta ɗumama ta, ta zuba a tsumma.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Maman Kaleb da bakinta ta taɓa faɗa mini, citta yana narkar da kowane irin ƙullutu. Ita da ke sayar da shi ba ta fi dokta sanin shi ba? Ɗaga hannu."

"Haba Mama! Ni miya ce?"

"Ɗaga hannu na ce!"

Don a zauna lafiya ta ɗaga. Abin da uwa da 'ya ba su yi tunani ba shi ne, tun bayan tiyata fatar wurin ba ta jin zafi sosai. Aka ɗaure Laraba, aka sake ɗaurewa Alhamis, Mama tana ƙara ɗumi kowane karo tunda yarinyar ba ta ce wayyo ba. Ko da aka kwance tsumman ranar Alhamis da la'asar, fatar ta yi jawur, ta tashi ƙuraje masu ruwa. Ƙullutun kuwa yana nan daram, ko gezau.

Ba a jima ba sai ga Kaleb ya zo gwada rigarsa ta anko. Suka zauna ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Ya fara ba ta labarin makaranta, sai ya tsaya ya shaƙi iska.

"Hellen, wa ke warin citta haka?"

"Kunu muka dama."

"Abeg, ni ɗan Kwoi ne fa. Cikin citta aka haife ni. Wannan ba na kunu ba ne, ɗanye ne da aka ɗumama. Kuma me ya sa kin riƙe hannunki haka?"

Ta so ta yi dariya ta waske, sai kuka ya ƙwace mata. Ta faɗa masa komai, har da tsumma da turmi. Tana jira ta ga ya ja da baya, don ta riga ta shirya wa hakan a ranta. Sai ya miƙe tsaye ya ɗora hannu biyu a ka.

"Kwana biyu! Kwana biyu kina ɗauke da abin nan, ke mai digiri, kika zauna aka dafa ki da citta?"

"Na ji tsoro ne, Kaleb. In Mamanka ta ji—"

"Mamana ce za ta aure ki? Ni da na riƙe miki bokiti wata shida, yau ni za ki ɓoye ma? Wallahi kin ba ni haushi!"

Mama Rosemary ta fito da gudu tana tafa hannu. "Ɗana, yi a hankali, maƙwabta! Bayan Lahadi—"

"Sori Mama, da girmanki, amma gobe da safe muna Jos."

Likitar da ta yi mata tiyata, wata doguwar mata marar son wasa, ta ɗaga rigar ta duba, ta cire tabarau ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Kaleb ya faɗa mata yadda aka yi da citta. Ta girgiza kai ta ce ba su ne na farko ba, ta ga masu zuwa da tafarnuwa, ta ga masu man birki. Ta sa aka wanke ƙunar, aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama daga ƙullutun da allura ta gefen da bai ƙone ba. Ta ce ƙullutu bayan tiyata yana iya zama tabo ne ya taru, ko kitse ya daskare, yana kuma iya zama ciwon ne ya dawo, kuma babu mai iya rabewa da yatsa, ko ita kanta. Sai sakamako ya fito, nan da mako biyu.

A mota suna komawa Kaleb ya ce, "Ko mu ce ma fasto a ɗaga godiyan?"

"A'a," in ji Hellen. "Zan yi godiya. Amma ba zan yi ƙarya a gaban bagade ba."

Ranar Lahadi coci ya cika maƙil. Matan zumunta suka rako ta da rawa tun daga ƙofa, Mama Rosemary a gaba tana juyi, tana yi wa 'yarta ido. Mutanen Kwoi sun cika benci biyu, Maman Kaleb a tsakiya da ƙaton ɗaurin kai, fuska a murtuke. Fasto ya miƙa wa Hellen makirfo. Ta karɓa.

"Ina gode ma Ubangiji," ta ce, "don bara war haka ko tsayuwa ba na iya yi."

"Halleluya!"

"Ina gode mishi don Mamana, da Kaleb, da likitoci. Amma 'yan'uwa, ba zan ce muku na warke sarai ba, don ban sani ba. Ranar Laraba na ji sabon ƙullutu. Na ɓoye shi kwana biyu, na sa mishi citta har na ƙone. Yanzu na je asibiti, ina jiran rizal. Ku yi mini addu'a. Kuma duk macen da ta ji abu a jikinta, don Allah kar ta yi wautan da na yi."

Tukwanen kiɗa suka yi tsit. Mama Rosemary ta zauna jagwab ta rufe fuska da gyale. Can sai aka ji ƙarar benci: Maman Kaleb ce ta tashi ta fice, danginta suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Kaleb kaɗai ya rage a bencin. Ya taso ya zo ya tsaya kusa da Hellen har fasto ya gama addu'a. Da yamma babu wanda ya kawo gaisuwa, shinkafar da aka dafa sai maƙwabta aka rarraba wa.

Mako biyun nan Hellen ta ga abin takaici iri-iri. Uwarta ta daina yi mata magana sai ta bango: "Wasu dai sun iya kunyata uwarsu." Wata mata ta kawo ruwan addu'a a jarka, wata ta kawo ganye, wata kuma ta zo takanas don ta ce ai rashin bangaskiya ne ya dawo da ciwon. Har akwai wadda ta tambaye ta ko za ta sayar mata da atamfar ankon tunda auren ya fasa! Hellen ta riƙa cije leɓe tana cewa na gode. In ta shige ɗaki ta yi kukanta, don tsoron mutuwa yana nan, tsoron rasa Kaleb ma yana nan. Shi kuwa kullum bayan an tashi makaranta yana ƙarƙashin mangwaro, ko da uwarsa ta daina ɗaukar wayarsa.

Ranar karɓar sakamako suka isa tasha da safe a kan mashin. Kaleb ya ci birki ba shiri. A kan bencin masu jiran motar Jos, ga Maman Kaleb zaune ita kaɗai, babu ɗaurin kai mai tsayi, babu sarƙa.

"Mama! Me kike yi a nan?"

"Ba wurinka na zo ba. Je ka sayo ruwa."

Da ya ba da baya, ta nuna wa Hellen gefenta. Hellen ta rusuna ta gaishe ta, ta zauna a ɗarare. Warin citta ya buge ta. Ba abin mamaki ba ne a jikin dillaliyar citta, amma wannan warin ta san shi, na ɗanya ce da aka ɗumama. Sai ta lura matar ta maƙale hannunta na dama a jiki.

"Mama..." ta ce a hankali.

"Wata takwas," in ji Maman Kaleb, idonta a ƙasa. "Ko miji na bai sani ba. Yayata da abin nan ta mutu, ni na yi jinyanta. Duk ran da na gan ki, kaina nake gani, shi ya sa ba na iya duban ki. Na ce in kin tsaya kin ce kin warke, ni ma zan samu ƙarfin cewa nawa ba komai ba ne. Sai kika tashi kika faɗi gaskiya, kika hana ni barci." Hawaye suka zubo mata. "Ki kai ni wurin doktan ki, 'yata."

Hellen ta rasa abin yi, haushi ko tausayi. Wata takwas! Matar da ta hana ta sakat, ta sa aka ƙone ta da shawararta! Amma sai ta tuna tsoron da ita ma ta sha, ta kama hannun tsohuwar ta riƙe.

Sakamakon Hellen ya fito da alheri: kitse ne ya daskare a wurin tiyata, ba kansa ba. Kaleb ya durƙusa a barandar asibiti yana kuka kamar yaro, bai damu da masu kallo ba. Na Maman Kaleb kuwa da ya fito daga baya, ciwon ne. Likita ta ce an yi jinkiri, amma ba a makara gaba ɗaya ba, za a iya tiyata.

Hellen ce ta yi jinyarta. Ita ta san abincin da ke zama a ciki bayan allura, ita ta san yadda ake ɗaura kallabi a kan da babu gashi. Mama Rosemary ma ta sauko, ta zo da kunya ta ce, "Ki yafe mini, kunyan mutane ne ya rufe mini ido." Hellen ta ce ta yafe, amma turmin nan kar ya sake kusantar ta.

Aka ɗaura auren bayan Ista, da atamfar ankon nan dai da aka so saye. Wanda ke son ka da gaskiya ba ya bukatar ka ɓoye masa ciwonka, kuma zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Da Hellen ta bi kunyar mutane ta yi shiru, da ta sami biki a kan ƙarya, surukarta kuma da tana can tana ɗumama citta har lokaci ya ƙure.

A wurin liyafa Maman Kaleb ta karɓi makirfo, ramammiya, amma muryar tana nan.

"Mata, ku ji ni! Shekara talatin ina sayar da citta. Ku saya, ku sa a kunu, ku sa a miya. Amma in kun ji ƙullutu, ku zo, ni da 'yata za mu raka ku tasha!"