Jan Fenti a Bangon Kafinta

Ranar da ya fara ganinta, tsaye take a tsakiyar aji tana musu da malamin nazarin zamantakewa. Malamin ya rubuta tambaya a allo: wa ke da unguwa, mai riƙe da takarda ko wanda ya tsufa a cikinta? Kowa ya duƙa yana kwafa, ita kuwa ta ɗaga hannu.

"Malam, me ya sa sai an zaɓi ɗaya?"

Aji ya kwashe da dariya, don dama Me-ya-sa suke kiranta. Dogo, wanda ke zama can baya don kada ya tare wa mutane allo, bai yi dariya ba. Baki sake yake kallonta, har biro ya suɓuce masa bai sani ba.

Da aka ce a yi bincike bibbiyu, Dogo, bawan Allah da bai taɓa magana a aji ba, sai ga shi ya tsallake benci ya tsaya a gabanta.

"Ina iya riƙe waya ba tare da hannuna ya yi rawa ba," in ji shi.

Ta dubi hannun. Rawa yake kamar na mai zazzaɓi. Ta danne dariya ta ce, "To, mu gani."

Unguwarsu ta zaɓa, wadda ke bayan tsohuwar masaƙa, inda babanta kafinta yake da gida da shago a haɗe. Suka bi gida-gida, ita tana tambaya, shi yana naɗar murya. Mutane suka saki jiki, don a gabansu aka haife ta.

"Takarda?" in ji wani tsohon tela yana dariya. "Wace takarda, 'yar nan? Ciyawa muka tarar a nan, muka share muka kafa. Ba wanda ya ba mu, ba wanda ya hana mu." Sai dariyar ta ɗauke, ya ƙura wa wayar ido. "Wa zai ji wannan?"

"Makaranta kawai, Baba. Na yi maka alkawari."

Da yamma saƙon Dogo ya shigo: "Malamata, yau kin yi wa mutum goma tambaya, ni ko ɗaya ba ki yi min ba. Ki tambaye ni me ya sa nake sonki, na shirya amsa tun ranar farko."

Ta mayar masa: "Dogona, wannan kaɗai ce tambayar da ba zan yi ba. Ina tsoron amsar ta ƙare."

Soyayya dai ta kankama. Kafinta ma ya fara sakin fuska, har yakan miƙa wa Dogo bakin katako ya riƙe masa. Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba, mai gyaran waya na bakin layi, wanda ya daɗe yana gyara mata waya kyauta, ko da lafiyarta ƙalau.

Dogo maraya ne, kawunsa ya raine shi. Ranar gabatar da bincike, zumuɗi ya ɗebe shi ya gayyato Kawu, don ya ga irin yarinyar da yake so ya aura. Ko a ransa bai kawo cewa Kawu a ofishin tsara gari yake aiki ba. Kai, so yana sa mai hankali wauta!

Aka saki muryoyin tsofaffin, zaure ya yi tsit. Da aka gama kowa ya tafa, ban da Kawu. Ya karkato ya ce, "Wace unguwa ce wannan?"

Dogo ya faɗa masa, har da alfahari.

"A sake sa min muryar telan nan."

Ba a jima ba wata farar mota ta fara zagaya unguwar, gilashinta a rufe. Wata safiya wasu mutane suka sauko da bokiti, suka bi bango-bango suna shafa jan fenti, alamar rusau. Bangon kafinta ma bai tsira ba. Fentin ya zubo har kan katakon da ya jingine.

Kafin azahar mai gyaran waya ya gama zagaya layin. "Ni dama na faɗa! Wane irin saurayi ne ke zuwa zance da inji a hannu? Turo shi aka yi. Kawunsa ne ya sa hannu."

Tsohon tela ya haɗu da Me-ya-sa a bakin famfo. Bai zage ta ba, da ma zagin ya yi. Cewa kawai ya yi, "Makaranta kawai, ko?" ya wuce. Ta koma gida tana kuka kamar ranta zai fita.

Kafinta ya ajiye zarto ya ce, "Na ba yaron nan Dogo wurin zama a shagona, ya ƙirga mana ɗakuna. Kada in sake jin sunansa a gidan nan. In ma gidan ya rage."

Ta rubuta wa Dogo: "Ka faɗa min gaskiya ko da za ta kashe ni. Ni ka zo nema, ko bangonmu?"

Amsa ta zo: "Ke na zo nema, wallahi. Amma ni na kawo shi, da bakina na faɗa masa sunan unguwar. Ba zan ce ba ni da laifi ba, Malamata."

Ta yarda da shi, kuma yardar ba ta goge komai daga bango ba.

Dogo ya samu Kawu a falo yana shan shayi.

"Kawu, amana suka ba mu."

"Ku suka ba, ba ni ba. An daɗe ana neman wanda zai furta da bakinsa cewa ba su da takarda, sai ga shi kun kawo har da lasifika. Aikina na yi. Ka fita harkar mutanen nan, ko ka fita min daga gida."

Jaka ɗaya Dogo ya ɗauka, ya bar gidan. Akwai wani ɗaki daura da shagon kafinta, wanda ɗan hayarsa ya tsere tun ranar fenti. Nan Dogo ya kama, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin jar alamar.

Ya yi gaisuwa, ba mai amsawa. Ya je sayen burodi, aka ce ya ƙare, ga shi jibge a kan tebur. Bai tafi ba. Ya nemo wata lauya, ya kai mata muryoyin nan dai, don su ne kuma shaidar cewa mutanen sun tsufa a wurin. Kotu ta ce a dakata da rusau sai ta saurari kowa. Ba ta ce an fasa ba.

Wata yamma kafinta ya tsallako ya tsaya a ƙofar ɗakin, yana kallon wata tsaga da ke bango.

"Ka san za su iya zuwa kowace safiya?"

"Na sani, Baba."

"To me kake yi a nan?"

"In bangon ya faɗi, ya faɗo har da ni. Ni na jawo."

Kafinta ya zaro abin awo daga aljihu, ya auna ɗakin tsawo da faɗi, ya fita. Me-ya-sa da ke leƙe ta taga ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba.

Ranar ɗaurin aure Kawu bai zo ba, malamin ajinsu ne ya tsaya wa ango. Rabin unguwa ta zo, rabi ta rufe ƙofa. A ƙarshen layi kuwa an ajiye wata ƙatuwar katafila tun jiya, direbanta na zaune a inuwarta yana kallon masu shiga da fita. Ba wanda ya ambace ta, kuma ba wanda ya daina waiwayenta.

Da aka kai amarya, suka tarar da sabon gado ya cika ɗakin, yana ƙamshin katako. Kafinta na tsaye a gefensa, idonsa ja.

"Ban sa masa gam ba, ban buga ƙusa ko ɗaya ba," in ji shi. "Duk noti ne. Ranar da suka zo, ku biyu kun isa ku kwance shi ku fitar."

Ya kamo hannun Dogo, ya danƙa masa sifana, ya ɗora hannun 'yarsa a kai.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, a nan ko a duk inda aka watsa mu. Ka riƙe ta da kyau, ɗana. Sifanar kuma kada ta yi nisa da matashinka."