Shagon Keke a Kan Dutse

Ognyan ya ce shi ba don kowa ya baro Jamus ba. Ya ce irinsa ba a halicce su don su yi wa wani aiki ba, kuma sai da ya yi nazarin kasuwa sosai kafin ya gano duk faɗin Bulgeriya babu inda ya dace da shagon gyaran keke kamar ƙauyensu.

A bakin coci ya faɗa, ran Lahadi, da ƙarfi yadda Nevena za ta ji.

Ta ji kuwa. Tana tura mahaifinta a keken guragu, dattijon da ake kira Bai Kolyo, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ƙauyen a saman dutse yake. Jaki ma sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya hau layin coci. Matasa duk sun watse, an bar tsofaffi da awaki. A nan Ognyan ya kama tsohon shagon aski, ya kafa allo da Jamusanci wanda babu mai iya karantawa. Ƙofar shagon tana kallon ƙofar gidansu Nevena. Wannan ma, in ji shi, nazarin kasuwa ne.

Ba allon kaɗai ya dawo da shi ba. Ya koyo gyaɗa kai sama da ƙasa in zai ce e, abin da ko yaron goye a garin ya san a'a ke nan. Mutanen kirki gefe da gefe suke kaɗa kai in sun yarda. Tsofaffi suka daina yi masa tayin kofi, don ba su san me yake nufi ba.

Da can akwai zobensa a hannun Nevena. Ana shirin ta bi shi Jamus mahaifinta ya faɗi a gonar dankali. Ta ce ba za ta iya barinsa ba. Ognyan ya ce akwai gidan tsofaffi a birnin Plovdiv, mai tsabta. Ta cire zoben ta ajiye masa a kan tebur. Ya tafi. Ta yi kukanta a ɗakin girki, inda babanta ba zai ji ba.

Yanzu ga shi kullum da safe a ƙofar gida, riƙe da kwalbar mai.

"Ina kwana, Bai Kolyo. Jiya na ji tayar nan tana ƙara."

"Ba ta ƙara," in ji Nevena.

"Kunnen ma'aikaci daban ne."

Sai ya durƙusa ya ɗiga mai a inda ya ɗiga jiya. Tunda ya riga ya zo, sai ya ɗauki tsohon cak ya sauko da shi daga matakala, aikin da ya kusa karya wa Nevena baya. Ya gyara masa bargo, ya goge masa baki, ya koma shago ya zauna yana jiran ciniki. Bai taɓa ce mata yi haƙuri ba. Ita ma ba ta taɓa ce masa sannu ba.

Ran nan tana gasa barkono a tsakar gida, Goggo Radka, ƙanwar babanta, ta shigo tana haki.

"Ke Nevena! Baturen naku zai koma!"

"Wane Bature?"

"Kina da wani ne? Tsohon maigidansa ya kira shi. Yanzu na gan shi yana cusa ƙarafa a akwati."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Ji min 'yar nan! Barkonon hannunki ya ƙone ƙurmus, kina wani Allah ya kiyaye hanya! Ku biyun nan girman kai ne zai binne ku."

Daga bakin ƙofa Bai Kolyo ya buga sandarsa a ƙasa. Tun da ya kwanta magana take yi masa wuya, kalma ɗaya sai ya yi gumi. Ya nuna shagon da hannunsa mai lafiya.

"Baba, ba zan roƙe shi ba..."

Ya sake buga sandar.

Haka ta tura shi suka tsallaka titi, hannunta duk baƙin barkono.

Ognyan yana tsugune gaban akwati. Da ya gan su ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"An ce za ka tafi," in ji Nevena.

"Ina duba wasu damammaki. Ɗan kasuwa ba ya..."

"Ognyan, don Allah ka ajiye ɗan kasuwar nan a gefe. Na gaji! Wancan karon ka tafi, na saba da rashinka. Da ƙyar na saba! Ka dawo ka zauna min a ƙofar gida, kana ɗaukar babana kamar naka, har ya fara sauraren takunka da safe. Yanzu kuma za ka ɗauki akwati? Ni zan jure, na taɓa jurewa. Shi fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba ki taɓa cewa in zauna ba, Neve."

"Kai ka taɓa cewa don me ka dawo?"

"Na faɗa a gaban kowa."

"Ka faɗa wa coci. Ni faɗa min. Saboda ni ka dawo?"

Ya kalli allonsa, ya kalli akwatinsa.

"Saboda kasuwa," in ji bakinsa.

Amma kansa ya manta da Jamus. Yana kaɗawa gefe da gefe, a hankali, irin na gida, hawaye na bin gemunsa.

Nevena ta rufe fuska da hannu, baƙin barkono ya shafe mata kumatu.

"Maganar gidan tsofaffin nan..." ya ce ƙasa-ƙasa. "Ban yi barcin kirki ba tun ranar da na faɗe ta. Ki yafe min, rabin raina. Zoben yana nan. Cikin akwatin ƙarafa yake."

"Cire ƙarafan ka mayar inda suke."

"To."

"Allon nan kuma a rubuta shi da harshen mutane."

"To." Ya share fuska da hannun riga, ya ɗan ja numfashi, kafaɗarsa ta fara dawowa daidai. "Amma fa kar a ce ban yi nazari ba. Harkar keke tana da gaba a yankin nan, duk wanda ya san kasuwa..."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Bai Kolyo. Nevena ta durƙusa a tsorace, sai ta ga dariya ce, ta farko tun ranar gonar dankali. Tsohon ya ɗaga yatsa ɗaya, ya yi ta kokawa da harshensa har maganar ta fito.

"Garin nan... keke ɗaya ne." Ya daki hannun keken guragunsa. "Ina kai."