Shafi na Uku Bai Iso Tambuwal Ba

Da aka buɗe ambulan a ofishin malamai, shafi uku aka gani maimakon huɗu. Na ukun ya yi ɓatan dabo.

Wata biyu ke nan Malama Bashira da Mu'awiyya suna sa-in-sa kan maƙalar da ta rubuta a kundin ilimi na intanet, game da kashe-kashen gwamnatocin kwaminisanci. Shi ya ce ta yi son kai, ita ta ce ko littafi ɗaya bai karanta ba. Da aka gaji, sai aka nemi ra'ayin Dakta Na'Allah na Kebbe, tsohon likitan dabbobi da ya yi karatu a Mosko. Ya rubuto amsarsa da hannu, ya aiko ta mota, kuma Mu'awiyya ne ya karɓo a tasha.

"Shi yac cire shi!" in ji Bashira. "Ya ga bai yi mishi daɗi ba. A kore shi daga ƙungiya."

Malam Shafi'u, shugaban ƙungiyar masu rubutun, mutum ne da ko rasit ba ya yarwa bai karanta bayansa ba. Ya juya ambulan ɗin. Ta ƙasa Bashira ta yage shi. Bakinsa na nan manne da salatif, an rubuta lambar wayar Mu'awiyya a kai, rabi a takarda rabi a salatif.

Ya nufi tasha wurin direban, Ɗangiwa.

"Wa yar rubuta lambar ga?"

"Ni. Haka nika yi ma kowane saƙo, gaban mai shi. In an buɗe, lamba ta karkace."

"Wa yak kawo maka shi?"

"Ɗiyar Dakta, Kausar, wadda ka aiki asibiti."

Lambar ba ta karkace ba ko kaɗan. Ashe tun kafin ambulan ya bar Kebbe shafin ya fita, babu hannun direba, babu na Mu'awiyya.

Washegari Shafi'u ya je Kebbe, ya gana da Dakta, sannan ya sami Kausar a zauren gidansu.

"Ba rigima niz zo ba. Baba ya ce huɗu yab ba ki, direba ya rufe kan ukku."

Kausar ba ta musa ba.

"Neman gurbin karatun likita nika yi Rasha, Malam. Nij ji tsoro a ga sunan Baba cikin maganar ga."

Tausayinta ya kama shi. "Ba a sa sunan kowa, littattafan da yal lissafa kaɗai aka buƙata. Amma yanzu ana ce ma wani ɓarawo saboda ke."

Ta shiga ciki ta ɗauko shafin.

A gaban 'yan ƙungiya Shafi'u ya bayyana yadda ya gano, ya miƙa wa Mu'awiyya takardar. Dakta ya rubuta cewa abokin ɗakinsa a Mosko jikan makiyayan Kazakistan ne, waɗanda hukuma ta ƙwace wa dabbobi har yunwa ta cinye mafi yawan zuriyarsu, ya ce akwai littafin da ya kawo labarin. Ya kuma ce alƙaluma biyu na Bashira ba su da madogara.

Bashira ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ka yafe min."

Mu'awiyya bai ɗago ba. "Shanunsu duka anka amshe?" ya tambaya. "Malam, ba ni sunan littafin ga. Ni zan rubuta sashen da hannuna."