Kunkurun Zinare da Yagaggen Takalmi

Da safiyar Litinin aka kai ƙara a birnin Daegu cewa an sace kunkurun zinare. Sufeto Pyo Hye-rin ta zaci shagon gwal za ta, sai ta tsinci kanta a wani ɗan kamfani mai yin wasan kamun kifi na waya. Kunkurun shi ne babbar kyautar wasan, ɗaya tak, kuma wani ya ciro shi ya sayar a ɓoye.

Da kwamfutar Ryu Da-som, mai rubuta umarnin kwamfuta na wasan, aka yi ɓarnar lokacin abincin rana. Tana zaune a lungu, ido ya kumbura, abin tausayi. In laifin ya hau kanta, ita da wannan sana'a har abada.

"Ina kike lokacin?"

"Wajen cin abinci, ranki ya daɗe. Tare muke fita kullum."

"Ta riga mu tashi," in ji Manaja Tak Yeong-ho, shugaban sashenta.

Sufeto ta sauka wurin mai abincin.

"Wannan yarinyar? Ita ta cinye min kimchi, kabejin nan mai yaji, sai da na kore ta! Namiji ne ya fita da wuri, amma kar ki tambaye ni wane. Duk kansu ɗaya, baƙar riga da gilashi."

Da ta dawo, ta sa Da-som ta buɗe umarnin da ɓarawon ya rubuta.

"Kyaututtukan a jere suke, kowacce da gurbinta," in ji Da-som. "Lambar gurbi ake kira a ciro abu. Kunkuru na huɗu ne, amma shi uku ya fara rubutawa."

"Me ya samu?"

"Yagaggen takalmi. Sannan ya gyara."

Sufeto ta danne dariya da ƙyar. "Kuskuren hannu?"

"Sabo ne. A Lua, yaren kwamfutar da muke aiki da shi, daga ɗaya muke ƙirga. A yawancin sauran yarukan daga sifili ake farawa, na huɗu ya zama lamba uku."

"Wa ya saba da wani yaren a nan?"

Da-som ta sunkuyar da kai. Ƙaramar ma'aikaciya ba ta nuna shugabanta da yatsa, Sufeto kuma ta sani.

Ta tara mazan sashen, ta miƙa wa Tak alƙalamin allo. "Manaja, ni jahila ce a harkarku. Maza rubuta min yadda ake ciro kyauta ta farko."

Ya yi murmushin raini, ya rubuta a guje. Sifili ne a allon. Ya kai babban yatsa zai goge, ta riƙe masa hannu.

"A banki na koyi aiki, can daga sifili muke ƙirga," ya ce. "Na ɗauka yarinya ce, za a yafe mata."

Aka sa masa ankwa aka sauka da shi. Mai kamfanin, dattijo mai furfura, ya zo gaban Da-som ya rusuna ƙasa sosai yana ba ta haƙuri, kowa na kallo. Bai ɗago ba sai da ta ce ya isa.