Akushin Masaƙi

A wani gari, can da daɗewa, sarki ya kulle wani masaƙi a kurkuku domin ya ƙi durƙusa wa dutsen tsafi. Ya hana a kai masa abinci, ya ce ranar kasuwa za a kashe shi.

Kullum da yamma masu bin Yesu sukan taru a gidan uwar masaƙin su yi addu'a. Kullum kuma tsohuwar takan tuƙa tuwo, ta zuba a akushin ɗanta, ta rufe da faifai, ta ajiye kusa da murhu.

Wata maƙwabciya ta kasa haƙuri, ta ce, "Iya, tuwon nan na wane ne?"

"Na ɗana."

"Ɗanki da ke kurkuku?"

Tsohuwa ta ce, "To, ba fitowarsa muke roƙo ba?"

Washegari maƙwabciya ta sake tambaya, aka sake ba ta amsar jiya.

Ana gobe kasuwa, aka yi ruwa mai ƙarfi har bangon kurkuku ya zube. Sarki ya tsorata, ya ce a sake shi.

Suna cikin addu'a, sai suka ji sallamar masaƙi a zaure. Maƙwabciya ta dafe ƙirji. "Wayyo, sun riga sun kashe shi! Fatalwarsa ce!" Kowa ya ja da baya.

Tsohuwa kuwa ta tashi, ta ɗauko akushi, ta buɗe faifai.

Ta ce, "Shigo ka wanke hannu, ɗana. Bai ma huce ba."